Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yadda Gansakuka Ta Koya Wa Dattijo Karatu A Yerwa

Duk baƙon da ya sauka Maiduguri da rana tsaka cikin watan Afrilu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, abin da zai fara yi wa godiya bayan Allah shi ne inuwar darbejiya, watau dogon yaro. Ita wannan itaciya asalinta ƙasar Indiya ne, a ƙarshen shekarun 1920 aka shigo da ita lardin Barno, ta sami ƙasar ta karɓe ta, har ta zama kamar da ita aka kafa birnin. Alhali kuwa tun 1907 Shehu Garbai ya tare a Yerwa. Jama'a na shan inuwa, ana ciniki ana hira a gindinta, amma da wuya a sami mai tambayar hannun da ya yi renon itacen tun yana ɗan tsiro mai ganye biyu.

Ɗaya daga cikin masu irin wannan hannu wani dattijo ne da ke da lambun renon dashe a bakin kogin Ngadda, yanzu ya doshi shekara saba'in. A wani ƙauye na arewacin Barno aka haife shi, fari ne ya koro shi birni a 1973, bayan gero ya ƙone a gona, dabbobin mahaifinsa kuma suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Da isowarsa ya sami aikin lebura a wurin renon itatuwa na ma'aikatar gandun daji, inda ya koyi haɗa ƙasa da taki da yashi, da cika leda, da sanin irin da ake jiƙawa kafin a shuka da wanda ba ya jure ajiya. Da ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya buɗe nasa lambun, yana renon darbejiya da mangwaro da gwaiba da zogale da dakwara, itaciyar nan da ake samun ƙaro daga jikinta.

Fari na biyu ya same shi a 1984. A shekarar nan ya ga dashensa na bushewa a gabansa, yana sayen ruwa garwa garwa har kuɗinsa suka ƙare. A zamanin ne kuma Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye har ya koma ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Tun daga nan dattijon ya ɗauki ƙishirwa ita ce babbar abokiyar gabar shuka, ba ta da na biyu. Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Saboda haka bai taɓa wuce dashe ba tare da ya ɗan tsiyaya masa ruwa ba. A fili kuwa, inda rana da iska ke shanye danshi kafin azahar, wannan ɗabi'a ba ta taɓa cutarsa ba har shekara arba'in.

Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gama gininta a kan kogin Ngadda a 1986, ta ɓalle cikin dare. Ruwa ya mamaye Fori da Gwange da Gamboru, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da gidan namun daji na Sanda Kyarimi. An yi irin wannan ambaliya a 1994, amma ta 2024 ta fi ta ɓarna nesa ba kusa ba. Dattijon ya tsira da ransa da iyalinsa, amma da ruwa ya janye bai tarar da komai a lambun ba sai laka da tsummokaran leda a rataye bisa ƙaya. Mutumin da ƙarancin ruwa ya kora daga ƙauye, ga shi yawan ruwa ya mai da shi fakiri a birni.

Bayan 'yan watanni wata ƙungiyar taimako ta raba wa masu lambuna kayan aiki. Shi ya sami ƙarafa da farar leda mai kauri da raga, aka kafa masa ɗakin renon shuka, irin wanda haske ke ratsawa amma iska da ƙura ba su shiga. Ba a daɗe ba kuma shugabannin wani gari da mutanensa suka koma gida bayan shekarun gudun hijira suka zo masa da magana. Sun tarar an sare itatuwan garin ƙaf an yi makamashi, babu inuwar da yara za su zauna su yi karatu. Suka nemi dashe 6,000, yawanci darbejiya da dakwara, a ba su a watan Yuli in damina ta kankama. Suka ba da kafin alƙalami, dattijon ya karɓa ya biya bashin asibiti da na gyaran gida, ya ba su alkawari gaban shaidu.

Ya yi shuka a watan Fabrairun 2025, sauran hunturu bai gama wucewa ba. Don tsoron sanyin dare da ƙura, ya toshe ɗakin ta kowace kusurwa. Ya cika tankuna biyu da ruwan kududdufin da ambaliya ta bari, ya bar su a buɗe cikin rana. Yana ban-ruwa da asuba, ya sake da azahar, ya ƙara da almuru. Da yake kuma yana so dashen ya yi saurin girma, sai ya riƙa narka takin zamani a cikin ruwan. Kwana goma sha biyar na farko abin gwanin sha'awa, tsiro ya fito reras, maƙwabta na zuwa kallo.

A mako na uku sai ya lura bakin kowace leda ya yi kore shar. Da fari murna ya yi, yana cewa albarka ce ta sauka, ƙasa ta ƙoshi. Kafin mako ya zagayo koren nan ya bi hanyoyin da ke tsakanin layuka, ya hau ƙarafa, ya lulluɓe cikin tankuna, ya shafe jikin ledar rufi har haske ya dusashe. Gansakuka ke nan. Ya sa cokali ya kankare ta leda bayan leda, kwana uku yana wannan aiki, bayan kwana shida ta dawo kamar ba a taɓa ta ba. Wani ya ce ya barbaɗa toka, ya barbaɗa, ba ta ko gezau ba. Wani kuma ya ce ya zuba gishiri, Allah ya taimake shi bai bi wannan shawara ba, domin da gishirin ya kashe dashen tun kafin ya taɓa gansakukar.

Sa'an nan dashen ya fara yaushi. Ganye ya yi rawaya, kai ya sunkuya, ƙananan ƙudaje baƙaƙe suna tashi duk inda aka taɓa. A sanin dattijon kuwa, shuka ba ta sunkuyar da kai sai don ƙishirwa, saboda haka ya ƙara ruwa. Kullum safiya sai ya kwashe matattu, yau hamsin, gobe ɗari, dakwara ce ma ta fi mutuwa. Ran nan da asuba yana ɗauke da buta a kowane hannu, santsin gansakuka ya kwashe shi, ya faɗi a kan kwankwasonsa. A nan ya kwanta har gari ya waye, yana duban koren rufi, yana lissafin kuɗin mutane da ya riga ya kashe da alkawarin da ya ɗauka gaban shaidu.

Yana da wata jika, 'yar babban ɗansa, wadda ke karatun aikin gona a Jami'ar Maiduguri. Da ta ji labarin faɗuwar ta zo gaishe shi. Ya dube ta daga kan tabarma ya ce, "Amarya, sai yau kika tuna da angonki? Ko kin ji an ce na kusa mutuwa kin zo rabon gado?" Ta yi dariya ta ce, "Wane gado, Kaka, ban da butoci biyu da tsohon keke?" Da suka gama wasan jika da kaka, sai ta roƙi izni ta shiga ɗakin ledar. Ba ta jima ba ta fito tana share gumi, riƙe da dashe biyu. Ta durƙusa gabansa ta yage ledar ɗaya, ruwa ya tsiyayo, wani wari mai tsami ya tashi. Saiwar da ya kamata a gani fara tas ta zama ruwan ƙasa, tana saɓulewa a hannu.

Ta ce, "Kaka, ka gafarce ni. Dashen nan ba ƙishirwa ke kashe shi ba, nutsewa yake yi." Ran dattijon ya ɓaci. Ya ce, "Ke yarinya, tun ba a haifi ubanki ba nake wannan sana'a. A garin nan ne za a ce ruwa ya yi wa itace yawa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "A fili gaskiyarka ce, Kaka. Amma cikin ɗakin nan ba Maiduguri ba ce, wata ƙasa ce dabam ka gina da hannunka."

Abin da yarinyar ta bayyana masa ya kamata duk mai irin wannan ɗaki ya sani. Sunan gansakuka ya tattara halittu iri iri. Akwai mai yauƙi da ke bin ruwa da fuskar jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba ta da saiwa, ba ta da ganye. Akwai kuma mai laushi kamar darduma, wadda kan kama gindin bango da bakin tukwanen da suka daɗe cikin danshi. Irinsu ya fi ƙura ƙanƙanta, yana tafiya cikin iska da ruwa da jikin tsofaffin ledoji, ba mai iya hana shi shiga wuri. Sai dai ba ya tsira sai ya sami abu uku a haɗe, watau danshi mai ɗorewa, da haske, da taki. Kamar duwatsun murhu suke, in aka janye ɗaya tukunya ba ta zama. Dattijon kuwa ya jera mata duka ukun, ya kuma rufe ƙofa don kada iska ta dame ta.

Ita gansakuka ba ta cin shuka kamar yadda fara ko tsutsa ke yi, amma ɓarnarta na da yawa. Tana shan takin da aka zuba domin dashe. Tana yin ɓawo a bakin leda, wanda in ya jiƙe ya hana iska shiga ƙasa, in kuma ya bushe ya hana ruwa ratsawa. Ita ce abincin ƙananan ƙudajen nan, a cikin danshinta suke ƙwai, tsutsotsin waɗansunsu na gaigayar saiwa, su kuma ƙudajen na ɗaukar cutar ruɓewa daga leda zuwa leda. In ta hau rufi ta rage haske, in ta shiga bututun ban-ruwa ta toshe shi, in ta bi hanya ta ka da mutum. Mafi girma duka, bayyanarta shaida ce cewa ƙasar ba ta bushewa. Saiwa kuwa numfashi take yi da iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya cike waɗannan kafofi dare da rana sai ta shaƙe ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya yi yaushi tamkar na shukar da ke jin ƙishirwa. Mai lambu ya gani ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta da hannunsa. Dakwara, da yake itaciyar busasshiyar ƙasa ce, ita ke fara faɗuwa.

Dattijon ya saurara, amma bai sallama ba. Yarinyar ba ta yi gardama da shi ba, sai ta ce, "Kaka, ba ni layi biyu na kwana goma sha huɗu, ka riƙe sauran. In nawa suka mutu, na yarda ka sake ni ka auri wata." Ya yi murmushi ya ce ya ba ta.

Ta ware layukanta can bakin ƙofa. Ta kankare ɓawon, ta sa tsinke ta ƙara huda gindin kowace leda don ruwa ya sami mafita, ta rufe bakinsu da yashi mai gwari kaurin yatsa, domin yashi na saurin bushewa, gansakuka ba ta samun wurin kamawa. Ta ɗaga ledojin bisa tsakuwa, ta ba da tazara tsakaninsu. Ta hana su taki sam. Ruwa kuwa sau ɗaya, da sassafe, shi ma sai an tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ɗaya an ji ba danshi. Ƙanenta ta ɗora a kan wannan aiki, ta gargaɗe shi kada ya bar Kaka ya matso da buta. Yaron ya ba da labari daga baya cewa sau biyu yana kama tsohon cikin dare yana ɗingishi zuwa layukan da ruwa a moɗa.

Da kwanakin suka cika, dattijon da kansa ya yage leda ɗaya daga layinta, ya ga sababbin saiwoyi farare sun fito kamar zare. Ya yage ɗaya daga nasa, wari ya buge shi. Ya daɗe shiru, sa'an nan ya ce, "Gemu ba ya hana ilimi. Amarya, faɗi abin da za a yi."

Aka kwashe dashen duka aka fitar, aka ware masu rai, aka haƙa rami nesa aka binne matattun da ƙasarsu. Aka naɗe ledar gefe da gefe aka bar raga kaɗai, iska ta riƙa ratsawa, abin da ma tilas ne a yi kafin zafin Afrilu ya dafa kome. Aka kankare daɓe, aka yi masa gangare da 'yar lambatu, aka shimfiɗa tsakuwa. Ƙarafa da rufi da butoci da tankuna aka fara wanke su da sabulu da burushi, domin magani ba ya ratsa datti, sa'an nan aka bi su da ruwan bilic, awo 1 cikin awo 9 na ruwa, ƙananan kaya kuma aka jiƙa su rabin sa'a, aka ɗauraye sarai. Yarinyar ta ja kunnensu cewa wannan ruwa ba ya taɓa shuka, ba a gauraya shi da wani magani, ba a aiki da shi a rufaffen ɗaki. Wani maƙwabci ya kawo shawarar shuɗin garin nan na tagulla da ake zubawa a tafki, ta ce a'a, yana kashe gansakuka amma yana ƙona ɗanyen tsiro in ya yi yawa, in kuma ya gangara Ngadda ya kashe kifi. Tankunan aka shafe su da baƙin fenti aka yi musu murfi, aka daina ɗibar ruwan kududdufi. Da haske ya yanke, koren cikin tanki ya mutu don kansa, sauro ma ya rasa wurin ƙwai.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wahala ta talakan Barno ce kaɗai. Manoman Holanda masu ɗakunan gilashi, da na lardin Almeriya a ƙasar Sifen, inda ɗakunan leda suka rufe fiye da hekta 30,000, duk suna fama da ita, kuma da dukan na'urorinsu maganarsu ba ta wuce tsabta da iska da auna ruwa ba. Kada kuma a ce kowane kore na ruwa abin ƙi ne. A ƙetaren Tafkin Chadi, a ƙasar Kanem, matan Kanembu sun daɗe suna tace wani irinsa daga tafkunan kanwa, su shanya bisa rairayi, su yi miya da shi, suna kiransa dihe. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwar Fort-Lamy, watau Njamena ta yanzu, a tsakiyar shekarun 1960, bincike kuma ya nuna fiye da rabin nauyin busasshensa abinci ne mai gina jiki. Da jikar ta ba shi wannan labari, dattijon ya ce ya tuna da shi a hannun fatake tun yana yaro. Ta ce to, amma kada ya yi sha'awar ɗanɗana na cikin tankinsa, domin wannan dabam ne, waɗansu irinsa ma dafi gare su.

Cikin dashe 6,000, waɗanda suka tsira ba su kai 4,000 ba. Aka sake shuka a ƙarshen Maris, amma na bayan ba su isa dasawa a Yuli ba. Dattijon bai jira an zo an tarar ba, ya aika aka kira shugabannin garin, ya zaunar da su ya gaya musu gaskiya, ya ce laifin nasa ne, ba na iri ba ne, ba na ƙasa ba. Ya ce su ɗauki abin da ya samu, sauran su ba shi zuwa tsakiyar Agusta, in kuwa ba su yarda ba zai sayar da kekensa da rabin filin ya mayar musu da kuɗinsu. Babbansu ya ce, "Baba, mu da muka yi shekara goma muna jiran komawa gida, wata ɗaya ba zai gagare mu ba." Da Agusta ta raba aka loda sauran a mota, aka cika alkawari, ko da yake ribar shekarar duk ta tafi wajen sayen sabon iri da leda.

Yanzu wanda ya shiga lambun zai ga dattijon na bin layuka da safe, hannunsa na dama ba buta, sai yatsa da yake turawa cikin ƙasa leda bayan leda. Kwankwason bai daina yi masa ciwo ba in sanyi ya sauko. Matasa masu sababbin ɗakunan leda, waɗanda ke ƙaruwa tun da aka ɗauki aikin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa a jihohin arewa 11 har da Barno, sukan zo su tambaye shi maganin gansakuka. Yakan ce musu su fara nuna masa butarsu da tankinsu kafin a yi zancen magani, domin ruwa ba ya tsami banza. In kuwa ya ga ɗan kore ya fara leƙowa a bakin wata leda, ba ya zaginsa. Yakan kira yaron ya ce, "Ga mai gargaɗi ya iso, rage wa layin nan ruwa."

Allah ya ba masu wannan sana'a haƙuri da basira, ya raya abin da suka dasa, ya kiyashe mu da fari da ambaliya, amin.